Yadda Na Kai Gaisuwar Baba Kwatano

Tun da na dawo, shagona da ke bakin tashar Talata Mafara ya koma majalisa. Mutum zai shigo kamar mai son a rubuta masa allon shago, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Bello, Kwatanon hwa?" Na ba da labari har muryata ta dishe. Wani abokina direba daga Maradun ya yi ta zarya, shi abin da ya dame shi kawai ko da gaske ba a hango ƙarshen teku. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in samu in gama fentin mutane.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zane: allon shago, bayan tirela, bangon makaranta. Amma abin da raina yake so shi ne littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna ɗaki-ɗaki, magana tana fitowa daga bakin mutum cikin 'yar da'ira. A waya nake karanta su, musamman na jarumai masu tashi sama da na halittun da ke zuwa daga wasu duniyoyi. Da na ga kullum a biranen wasu kumbo yake sauka, sai na ce me zai hana ya sauka a namu? Na zana nawa. Wasu baƙi dogaye masu ido uku suka sauka kusa da garin Janbako ranar kasuwa, da niyyar kwashe ruwan dam ɗinmu. Wanda ya tare su wani tsohon manomin rani ne, Mai Malafa, wanda yake jin motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma da galmarsa yake juya gulbi.

Fuskar Mai Malafa fuskar mahaifina ce, Malam Ummaru na Bakura, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya san shi ya san shi da gaisuwa. Mutane sun sha rasa mota saboda sun haɗu da shi a hanyar tasha. Don haka da jarumina ya isa gaban shugaban baƙin, kafin a yi faɗa, sai da ya gaishe shi shafi huɗu cur: ina gajiya, ina hanya, ina gida, ina yara, har ina waɗanda aka baro. Baƙon yana amsawa, "Lafiya lau." Waɗannan shafuka su ne abin da na fi so a littafin, domin kalma-kalma na ɗauko su daga bakin Baba.

Wata rana na gani a wani zaure na masu zane a waya cewa za a yi taro a Kwatano, kuma za a zaɓi ayyukan sababbin hannu a buga su cikin littafi ɗaya. Na tura hotunan wasu shafuka, ban sa rai ba. Sai ga amsa wai in zo da sauran.

Na tafi Bakura na gaya wa Inna. Tun rasuwar Baba, in ka ce mata ina gajiya, ba gajiya. Ina kwana, lafiya lau. Ban taɓa ganin hawayenta ba, kuma ta ƙi kallon zanen. Da na fara buɗewa sai ta tuna tana da tukunya a wuta. Ranar ma haka ta yi, daga madafa ta ɗaga murya.

"Ba ka tahiya kai ɗai. Kawunka Altine ya san hanyag ga, shi za ya kai ka."

Kawu Altine ƙanen Inna ne, yana zaune a Birnin Tudu, ya yi shekaru yana kai albasa ƙasashen kudu kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da ya ji, ko tambayar abin da za a yi a taron bai yi ba. Ya ɗauko babbar rigarsa da malafa, ya cika jaka da hoce, gasasshiyar wainar dawar nan tamu, da ƙuli-ƙuli kamar za mu ƙasar da ba a dafa abinci.

Da sassafe muka bar Mafara, don yanzu a hanyoyinmu ba mai wasa da yamma. Daga Sakkwato Kawu ya samo mana gaban motar albasa ta wani tsohon abokin sana'arsa. Ni na naɗe zanena na zura a cikin bututun roba irin na masu aikin famfo, na toshe bakinsa, na rungume shi. Ina ganin na yi dabara. Kafin mu wuce Birnin Kabi ni da bututun da zanen duk mun zama albasa.

A kan iyaka dabarata ta kusa jawo mana kwana. Wani jami'i na can ɓangaren, ƙaƙƙarfa mai 'yar Hausa a baki, ya ga baƙon mutum rungume da dogon bututu yana zufa. Ya ja da baya ya ce in ajiye shi a ƙasa a hankali. Na ajiye. Ya sa na buɗe da kaina. Shafin farko da ya fito kuwa shi ne dam an zana shi daga sama, ga wani abu yana shawagi a kansa.

"Wannan jirgi na wa?"

"Na baƙi na, ranka ya daɗe," in ji ni.

"Baƙi daga ina?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Daga cikin kan yaron ga, yallaɓai. Mu ma mun rasa maganinsu."

Jami'in ya dubi mai ido uku, ya dube ni, ya fashe da dariya. Ya ja kujera ya zauna yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya, layi yana taruwa a bayanmu. Ya yi dariya a wurin da kumbon ya faɗa ramin hanyar Janbako ya kafe. Amma da ya zo kan gaisuwar, na ga ya sa babban yatsa ya tsallake shafi huɗun nan gaba ɗaya, ya sauka kan faɗa. Ya buga mana hatimi, har da sara wa Mai Malafa. Ni dai yatsan nan ya tsaya mini a rai.

Daga nan sai Kandi, sai Faraku, inda muka yada zango a ɗakin 'yan albasa. Arewacin ƙasar bai ba ni mamaki ba: ga masallatai, ga Fulani da shanu, ga fetur a kwalba a bakin hanya, wanda Kawu ya rantse namu ne ya riga mu ƙetarewa. Abinci ne ya fara nuna mini na bar gida. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, mutum ya saƙale shi a hammata kamar sandar kiwo. Suna da cuku na Fulani da ake rina bayansa ja a soya a jefa cikin miya. Na ci da sakwara har na ji kunya. Kawu ya ɗanɗana, ya ce ba laifi, ya juya baya ya ciro hocensa.

Kwatano kuwa garin 'yan acaba ne masu riga ruwan ɗorawa, ko'ina ka duba su ne. Teku, don abokina na Maradun ya huta, da gaske ba a hango ƙarshensa. Na tsaya na kalla. Kawu ya ce ruwan da ba a ban-ruwa da shi ba ya burge shi.

Masu taron sun sauke mu a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Madam Rozin. A nan muka haɗu da Isufu, magidanci daga Maraɗi, shi ma mai zane, wanda ya zama bakinmu da kunnenmu tunda yana jin Faransanci. Madam ta kawo ruwa a kofi, ta fara kurɓa sannan ta miƙa wa Kawu. Kawu ya dube ni da ido a waje. Isufu ya ce al'adarsu ce, don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. Kawu ya sha, sannan ya gyara tsayuwa ya fara gaisuwa. Ya jero tambaya kusan goma. Isufu ya juya ya faɗa wa Madam kalma ɗaya.

"Tsaya, ɗan Maraɗi," in ji Kawu. "Ni na yi magana mai yawa, kai ka yi guda. Ina sauran?"

"Kawu, duk ɗaya ta ai."

"Ba ɗaya ta ba. Ka kai mata su yadda nib ba ka."

Isufu ya ce to. Kawu ya ce ina gajiya, Isufu ya juya mata. Madam ba ta san ana cewa ba gajiya a wuce ba. Ta ɗauka likita ne ya zo. Ta ce gajiya kam akwai ta, ta nuna gwiwarta ta hagu, ta ba da tarihinta tun daga farko. Kawu ya ce ina gida. Ta kama hannunsa ta kai shi ta nuna masa inda rufi ke yoyo. A nan gaisuwar ta tsaya, don an kira ta a waya. Da muka shiga ɗaki Kawu ya zauna yana girgiza kai.

"Matag ga ba ta iya gaisuwa ba. Ana tambaya don a wuce, ita tana amsawa don a zamna."

Zauren taron ban taɓa ganin irinsa ba. Tebura jere, kowanne da mai zane a bayansa, daga ƙasashen da wasu a taswira kawai na san su. Samari da 'yan mata sun yi shigar jaruman littattafai, wani da fuka-fukan kwali, wata ta shafe fuskarta da shuɗin fenti. Na baza shafukana, maƙwabcin teburina ya fara shinshina iska yana duba ƙarƙashin kujera. Kawu kuma yana tsaye a gefe da babbar riga da malafa, sai wata yarinya ta dubi zanen ta dube shi ta yi ihu. Kan ka ce kwabo an yanyame shi ana ɗaukar hoto, wai ya fi kowa iya shigar jarumi. Da Isufu ya yi masa bayani na zaci zai yi fushi. Sai ya gyara malafa ya ce in da sun gaya masa da ya zo da galma.

Na zagaya na buɗe littattafan mutane, na ga yadda ake ba da labari yanzu. Ba mai farawa da wai a wani gari an yi wani mutum. Shafin farko kana buɗewa gini yana rushewa, sai daga baya a gaya maka dalili. Jaruman ba kamar na da ba ne: wani yana da ciwon baya, wata tana tashi sama amma tana tsoron uwarta. Mugun ma sai an nuna maka abin da ya mai da shi mugu, har ka rasa wanda za ka goya wa baya. Wata mai zane daga Abijan ta nuna mini shafi biyu da babu kalma ko ɗaya, wani mutum-mutumi kawai yana zaune bakin kabarin wanda ya ƙera shi. Na daɗe ina kallo, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Mai zaɓen ayyukan wata mata ce mai furfura da tabarau, ba ta da yawan murmushi. Ta karanta nawa Isufu yana fassara mata. Ta ji daɗin cewa jarumin tsoho ne, ta yi dariya a ramin Janbako. Sannan ta kama shafi huɗun nan da yatsu biyu ta ɗaga su, ta haɗa na gabansu da na bayansu.

Isufu ya ce, "Ta ce ka duba, in an cire su labarin bai rasa komi ba. Ba wanda ka son wani abu a cikinsu, ba wanda ka tsoron wani abu."

Na ce ya gaya mata gaisuwar mahaifina ce, kuma ya rasu. Ta cire tabarau ta yi mini ta'aziyya da gaske. Sannan ta ce mai karatu bai san mahaifina ba, abin da ke kan takarda kawai ya sani. Tana son littafin. Amma ko dai wani abu ya faru a shafukan nan, ko a cire su. Ta ba ni zuwa gobe kafin a rufe taro.

Na fito na koma masauki. Abin da ya fi ciwo shi ne na san gaskiya ta faɗa, yatsan jami'in nan ma abin da ya faɗa ke nan. In na yarda a cire, za a buga littafina na farko, amma Baba zai zama wani tsoho mai duka da galma kawai, wanda ko kusa ba shi ba ne. In na ƙi, in koma Mafara da bututuna in ci gaba da rubuta "Ana Sayar da Ƙanƙara". Abincin yamma, wata irin kafa ce ta masara da soyayyen kifi da yaji, Kawu ne ya cinye nawa.

Da safe muna zaune a tsakar gida Madam Rozin ta fito da butar shayi. Kawu, da yake bai saba barin aiki rabi ba, ya ce wa Isufu su ci gaba daga inda aka tsaya.

"Ce mata ina yara."

Isufu ya faɗa. Madam ta ajiye butar a hankali. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, Isufu yana fassarawa yana kallon ƙasa. Ɗa ɗaya gare ta. Ya shiga jirgin ruwa zuwa Gabon neman aiki, da farko yana kira, daga baya wayar ta daina shiga. Ɗakin da muke kwana nasa ne. Ta ce baƙi da yawa sun sauka a gidan, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Kawu ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a Allah ya bayyana yaron, muka shafa, ita ma ta ce amin da irin nata. Ya shiga ɗaki ya kwaso sauran hocensa duka ya ba ta. Da ta koma ciki sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da Ummaru na, da tun jiya ya san wanga. Kai kana tsammanin yawan tambaya ka sa gaisuwar ubanka tsawo? Tambayoyinmu ɗaya da shi. Jira shika yi. In ka ce lahiya lau, sai shi tsaya shina kallonka, har ka hwaɗi gaskiya."

Na tuna mutanen da suke rasa mota a gabansa, ba wanda ya taɓa tafiya yana fushi. Na kwashe kalmomin Baba duka na zuba a takarda, amma shirun da ke tsakaninsu ban zana ba.

A kan teburin shayin Madam na baza takardu na kama fensir. Baƙo mai ido uku daga wata duniya yake, ina ya san ana cewa lafiya lau? Na bar tambayoyin yadda suke. Da Mai Malafa ya ce ina yara, sai na yi ɗaki ɗaya babu magana, tsoho yana kallon baƙo. Na ƙara wani, babu magana. A na uku idon tsakiya ya kawo ruwa. Rijiyoyin duniyarsu sun ƙafe, 'ya'yansu suna cikin kumbon a kwance. Daga nan ƙarshen labarin ya canza da kansa: Mai Malafa ya sa su cikin layin ban-ruwa kamar kowane manomi, ranar Laraba tasu ce, da sharaɗin su zo gyaran magudana.

Matar mai furfura ta karanta zanen fensir ɗin a tsaye, ana ta naɗe tebura. Da ta zo ɗakunan shirun ban ga yatsanta ya motsa ba. Ta ɗago ta ce a bar shafi huɗun, in ma ina so in ƙara na biyar. Sai dai ta roƙe ni in bar ɗan faɗa ko yaya, don masu saye suna son a fasa wani abu. Muka shirya a kan wani mutum-mutumin baƙin da bai ji an yi sulhu ba, zai sha galma. Ta kuma tambaya ko duk takardun ƙasarmu haka suke ƙanshin albasa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai Kawu ya sayo dogon burodin nan ya kawo Birnin Tudu, kafin mu iso ya zama abin jifar kare. Ban ƙarasa Mafara ba, Bakura na nufa. Na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau. Kun dawo lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Sai na yi shiru ina kallonta. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba, saura kaɗan in tsallake zuwa tambaya ta gaba. Hannunta ya ci gaba da tsintar, ya rage sauri, ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni da kyau.

"Wa ya koya ma wanga?"

Ta ture faifan gefe ta goge hannu a zane.

"Kawo shi in gani."

Na buɗe bututun na shimfiɗa mata shafin a tabarma, wurin da tsohon ke tsaye yana jira. Ta daɗe a kansa. Ta ce na ƙara masa kunne, nasa ba su kai haka ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan malafar, hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Akwai gajiya, Bello," in ji ta. "Ina kewatai."

Muka zauna a nan har aka kira la'asar, tukunya tana ƙonewa a madafa ba wanda ya tashi.

To masu cewa tun da na dawo in na gaishe su sai in tsaya ina kallonsu kamar teku ya taɓa mini kai, ba abin da ya taɓa ni. Amsa nake jira.